Tsakanin Magani da Guba: Jawabi ga Makiyaya da Fataken Shanu

 

Maganar yau a kan awon maganin dabbobi take. Kowane magani yana da awon da yake warkarwa da awon da yake kashewa. A wani maganin tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi, a wani kuma 'yar kaɗan ce.

Ku ɗauki Ivomec na allura. Awonsa mililita 1 ne ga kilo 50 na nauyin saniya, kuma ko an ɗan zarce, da wuya ya yi ɓarna. Levamisole kuwa, na tsutsar ciki, ba ya ɗaukar wasa. In aka ninka shi sau 2 ko 3, sai ka ga dabba tana dalalar da miyau, jikinta yana rawa. Awaki sun fi saurin faɗuwa.

Berenil na sammore, ƙunshi ɗaya mai giram 2.36 na saniya mai kilo 300 ne. Wanda ya ba maraƙi mai kilo 100 ƙunshin duka, ya ninka masa sau 3. Wanda kuma ya raba ƙunshi ɗaya ga manyan shanu 3 don tsimi, bai kashe cutar ba, ya dai koya mata jure wa magani, gobe ko cikakken awo ba zai ci ta ba.

Kuma abin da saniya ta ɗauka, ba kowace dabba ke ɗauka ba. Berenil yana iya kashe raƙumi da kare a awon da saniya take warkewa. Amitraz na wankan kaska guba ne ga doki. Albendazole, kada a ba saniya a kwana 45 na farkon cikinta, don yana iya nakasa ɗan.

Saboda haka, kada ido kaɗai ya ƙiyasta nauyi. A samu igiyar awon ƙirji wajen malamin dabbobi. A karanta takardar magani, wanda bai iya ba ya sa yaro ɗan makaranta ya karanta masa. Ku fatake, ku tambayi mai saniya ranar da aka yi mata allura ta ƙarshe, kada ku ƙara mata wata a kai, kuma kada ku miƙa ta ga mahauta kafin kwanakin jira da ke rubuce su cika.