Su Wane Ne Iyayen Ƙasa?

 

An nemi in ce wani abu game da kalmar da ake yawan faɗa a irin wannan taro, wato "iyayen ƙasa". Tun asali, a bakin Bahaushe, uban ƙasa shi ne basaraken da aka danƙa wa riƙon jama'a. Shi ke raba gardamar gona, shi ke sauke baƙo, kuma ƙofarsa ake nufa in damina ta ƙi. Da wannan ma'ana muke kiran sarakunan Adar da na Gobir iyayen ƙasa.

Da zamani ya juya, sai kalmar ta ƙara faɗi, ta haɗa da waɗanda suka kafa ƙasa irin ta yau, kamar yadda mutanen Amurka ke girmama su George Washington. A wurinmu, su ne mazan da suka yi fafutuka har aka kafa Jamhuriyar Nijar ran 18 ga Disamba 1958, aka samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960.

Sai dai waɗannan mutane ba bakinsu ɗaya ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 1958, Djibo Bakary ya ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa. A 1959 aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba, ya shekara da shekaru yana gudun hijira. Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, soja suka tuɓe shi a 1974. Amma ga shi filin jirgin saman Yamai na ɗauke da sunan Diori, gidan tarihi na ƙasa da na Boubou Hama, kuma a 2024 aka raɗa wa wani babban titin Yamai sunan Djibo Bakary. Ashe wannan suna na baya ne ke ba da shi, bayan ƙura ta lafa an auna aikin kowa.

Saboda haka ina roƙon maroƙa da masu jawabi, kada mu riƙa liƙa shi ga duk wanda ya hau kujera. Hausawa sun ce babba juji ne. Wanda bai ɗauki nauyin talaka ba bai cancanci a ce masa uba ba.

Sarautar da ta cika shekara 100 ta san wannan nauyi. Allah ya ji ƙan magabata, ya ja zamanin Sarki.