IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA: Jawabi Ga Masu Hawan Babur



Jawabin yau ya shafi wata ɗabi'a ce wadda ta yaɗu cikin masu hawan babur a ƙasar nan, tun daga Sakkwato har Kalaba, watau cusa 'yar na'urar sauraro a kunne, wadda samari suke kira iyafis, a riƙa jin kiɗa ko waƙa ana cikin tuƙi. Abin ya samo asali da daɗewa. Tun shekarar 1979, sa'ad da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da 'yar rikodar nan mai suna Walkman, mutane suka fara yawo da kiɗa a kunne. Da wayar salula ta zo kuwa, sai ya zamana kowa yana da rikodarsa a aljihu. Gwamnati ba ta gaba da kiɗa, ba ta kuma nufin hana kowa nishaɗi. Abin tambaya kurum shi ne, kunnen mai babur, a lokacin da yake bisa hanya, yana da sukunin sauraron kiɗa, ko kuwa akwai wani aiki da yake jiransa?

Domin a sami amsa, ya kyautu a fara duba mutanen da suka fi kowa gwanintar hawan babur a duniya, watau 'yan tsere.

DARASI DAGA FAGEN TSERE

A ƙasashen Turai da Asiya da Amurka akwai filayen da aka keɓe domin tseren babura da motoci, kamar yadda a kan keɓe fagen sukuwa domin dawaki. An fara gasar duniya ta tseren babura a shekarar 1949, kuma babban ajinta shi ne wanda ake kira MotoGP. Ɗaya daga cikin filayen wannan gasa shi ne Mugello na ƙasar Italiya, wanda kewayensa ya ɗara kilomita 5, yana da kwana 15. A nan ne wani ɗan tsere mutumin Afirka ta Kudu, mai suna Brad Binder, ya kai gudun kilomita 366 a awa cikin shekarar 2023. Ma'anar wannan ita ce, a cikin sakan ɗaya rak yana cinye mita 100, watau kimanin tsawon filin ƙwallon ƙafa.

A irin wannan fage babu mai tafiya a ƙasa, babu akuya, babu rami, babu motar da za ta ɓullo ta gaba, domin kowa fuska ɗaya ya nufa. A kowace kwana akwai ma'aikata riƙe da tutoci: rawaya ta nuna akwai haɗari a gaba, ja ta nuna an tsai da tsere. Likitoci da motocin asibiti suna nan a shirye. Duk da wannan tanadi, ɗan tseren gaske ba ya shiga fage da kiɗa a kunnensa. Dalilansa uku ne.

Na farko, canza giya. Injin babur na tsere yakan yi juyi wajen 18,000 a minti ɗaya. Akwai agogo da fitila a gaban mahayi masu nuna lokacin sauya giya, amma wanda ya kwanta cikin kwana har gwiwarsa tana shafar kwalta ba shi da zarafin sunkuyar da kai ya duba agogo. Idonsa yana can inda zai fita, saboda haka kunne da jiki ne suke gaya masa ko inji ya ƙoshi ko da saura.

Na biyu, zamiyar taya. Idan tayar baya ta fara sulɓi, sai kukan inji ya tashi sama farat ɗaya alhali gudu bai ƙaru ba. Mahayin da ya ji haka yakan sassauta totur nan take. Wanda bai ji ba kuwa, sai ya farga a ƙasa.

Na uku, baburan tsere ba su da madubi. Cire shi a kan yi. Mahayi ba ya ganin wanda ke bayansa, amma yana iya jin kukan injinsa in ya matso, ya gane ko ta dama zai ɓullo ko ta hagu.

TOSHE KUNNE DABAN, CIKA KUNNE DABAN

A nan wani mai lura yana iya cewa, ai 'yan tsere su ma suna toshe kunnuwansu, to, mene ne bambancinsu da mai iyafis? Gaskiya ne suna toshewa da wani ɗan soso ko roba mai laushi, amma bambancin yana da girma.

Masana suna auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a zaure ba ta wuce kimanin desibel 60 ba. Ƙa'idar da likitocin ma'aikata suke bi ita ce, kada mutum ya wuce awa 8 a yini cikin ƙarar da ta kai desibel 85. Duk sa'ad da ƙarar ta haura da desibel 3, sai a raba lokacin biyu: awa 4 a kan 88, awa 2 a kan 91, awa 1 a kan 94, har a kai minti 15 kacal a kan desibel 100. Babur na gasar duniya kuwa an yarje masa ya kai desibel 130. Ban da kukan inji akwai kuma hucin iska. Awon da aka yi ya nuna cewa, a cikin hular kwano, iska kaɗai takan kai kimanin desibel 90 in ana gudun kilomita 60 a awa, tana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar gudu.

To, matoshin kunne aikinsa shi ne ya rage wannan hayaniya baki ɗaya, ba ya ƙara kome nasa. Iska ta lafa, kunne ya huta, amma tashi da saukar kukan inji suna nan ana jinsu. Kiɗa kuwa ƙari yake yi. Kafin a ji shi a bisa babur, tilas ne a ƙure shi har ya rinjayi iska da inji, sai ya zamana an ɗora ƙara a kan ƙara, aka kuma zuba ta kai tsaye cikin ramin kunne.

A can cikin kunnen ɗan Adam akwai waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, waɗanda suke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma in sun mutu ba su sake tsirowa. Alamar farko ita ce mutum ya sauka daga babur ya ji kunnensa yana amsa kuwwa, ko ya ji maganar mutane kamar daga cikin rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da miliyan dubu ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ɗan acaɓar da yake yini da iyafis daga safe har magariba yana sahun gaba cikinsu.

YAREN INJI

A dawo gida. Baburan da suka cika hanyoyin Nijeriya, irin su Bajaj da Jincheng, ƙanana ne, ba su kama ƙafar na tsere ba, kuma yawancinsu ba su da agogon da yake nuna juyin inji. Mahayinsu da kunne yake sauya giya, ko ya sani ko bai sani ba. In ya ji inji yana nishi yana jijjiga a kan hawa, giyar ta yi masa nauyi, sai a sauko. In ya ji yana ihu, ana cutarsa, sai a haura.

Kowane tsohon bakanike ya san cewa inji ba ya mutuwa bai yi sallama ba. Ga kaɗan daga cikin abin da yakan faɗa wa mai kunne:

Idan aka ja totur, kuka ya tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya cinye, yana sulɓi.

Idan aka ji ƙas-ƙas mai kaifi daga kan inji, ko dai tafet ya saki ko baƙin mai ya yi ƙasa. Wanda ya tsaya ya duba, kuɗin kwalbar mai zai kashe. Wanda ya zarce, inji yana iya ƙonewa ya kame, tayar baya ta tsaya cak ana tsakiyar gudu.

Idan sarƙa tana dukan murfinta, ta yi sako-sako. In aka ƙyale ta, tana iya zamewa ta sarƙe taya.

Idan inji yana tari yana yankewa, a duba fulogi da kafireta, kada ya mace a daidai lokacin da ake ƙoƙarin wuce babbar mota.

Idan birki yana kukan ƙarfe bisa ƙarfe, takalminsa ya ƙare. Idan kuma taya tana gurnani mai ƙaruwa da gudu, boris ya lalace.

Duk waɗannan sautuka a hankali suke farawa, kuma ƙaramin kiɗa ya isa ya binne su. Mai babur da ya rufe kunnensa kamar makiyayi ne da ya bar garkensa yana kuka da dare, shi yana barci.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Ido gaba kaɗai yake gani, madubi kuma ɗan yanki yake nunawa, amma kunne yana ji ta kowace fuska, har bayan kwana da bayan katanga. A ɗauki misali. Mai babur yana tafiya a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya yana gudun kilomita 60 a awa, wata tirela tana biye da shi tana gudun kilomita 90. A kowane sakan ɗaya tana cin mita 8 daga ratar da take tsakaninsu. In direba ya danna oda tun yana nesa da mita 50, mai babur yana da kimanin sakan 6 ya ratse gefe. Wannan lokaci ya wadatar ga wanda ya ji tun farko. Wanda bai ankara ba sai da inuwar motar ta rufe shi, firgita zai yi, kuma firgita a bisa ƙafa biyu ita ce faɗuwa. Haka abin yake ga jiniyar motar asibiti, da ihun mai goyo, da kiran uwa ga yaron da ya nufi titi a guje.

Sa'an nan akwai batun hankali. Waɗansu sukan ce kiɗa yana kore musu gyangyaɗi a doguwar tafiya, ko yana kwantar musu da rai cikin cunkoso. Amma maganin gyangyaɗi barci ne, kuma wanda idonsa ya yi nauyi tsayawa ta kamace shi. Kiɗa mai zafi yakan ja hannun mahayi ya ƙara wuta bai sani ba. Waƙa mai ratsa zuciya kuwa takan kai shi wani gari alhali jikinsa yana bisa kwalta. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana shafe kusan mita 17 a kowane sakan. In ya sunkuya sakan biyu domin ya sauya waƙa, ya yi tafiyar mita 33 ke nan ido rufe, da hannu ɗaya, sau da yawa kuma da matar wani ko ɗan wani a bayansa.

MATSAYIN DOKA

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 suke rasuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Saboda irin wannan asara ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, aka kuma fara tilasta sanya hular kwano ga mai babur da wanda ya goya daga watan Janairu na 2009. Amfani da waya ana cikin tuƙi laifi ne a dokokin hanya na Nijeriya. Waɗansu ƙasashe sun wuce nan: daga 1 ga Yuli, 2015, ƙasar Faransa ta haramta wa direban mota da mai babur da mai keke sanya abin sauraro a cikin kunne suna tuƙi. Amma ba a jiran ɗan sanda ya koya wa mutum son ransa.

ABIN DA AKE ROƘON MASU BABURA

1. A cire iyafis, a sa waya a aljihu kafin a tayar da babur. Wanda aka kira, ya ratse gefe ya tsaya, sa'an nan ya amsa.

2. Kowace safiya a bar inji ya yi aiki minti ɗaya ko biyu a tsaye, a saurare shi, domin a san muryarsa ta lafiya. Wanda ya san wannan shi ne zai gane ranar da ta sauya.

3. In aka ji baƙon sauti, a tsaya a duba mai da sarƙa da birki, ko a nufi wurin bakanike.

4. A sa hular kwano wadda ta zauna daidai, a ɗaure igiyarta. Kada a fasa salansa domin neman ƙara.

5. Mai doguwar tafiya da gudu wanda iska take damunsa ya nemi matoshin kunne na soso, ya riƙa tsayawa yana hutawa. Wanda kunnensa ya daɗe yana amsa kuwwa ya je asibiti a auna jinsa.

6. Fasinja yana da hakkin ya ce wa ɗan acaɓa ya cire abin da ke kunnensa, in ya ƙi, ya sauka ya nemi wani. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa, da iyaye, da masu ba da babur haya, su ma su sa ido.

Gwanayen duniya, a fagen da aka share musu, da likita tsaye a gefe, sun bar wa inji kunnuwansu. Wanda yake bin hanyar da ya haɗa da tirela da shanu da 'yan makaranta ya fi su bukatar yin haka nesa ba kusa ba. Kiɗa yana nan yana jira a gida, bayan an jingine babur an ga iyali.

Allah ya kiyaye hanya, ya sada kowa da gidansa lafiya. Wassalam.