Keke Zuwa Wurin Aiki: Amsar Wasiƙun Masu Sauraro Daga Ƙasar Daura

 Wasiƙun da muka ware a wannan mako duk daga ƙasar Daura suka fito, kuma kusan bakinsu ɗaya, wato maganar keke. Ba abin mamaki ba ne. Tun ranar 29 ga watan Mayu, 1923 ba mu ce ba, 2023 ɗin nan da kowa ya sani, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, kekunan da aka jingine a zaure da bayan rumbu suka fara fitowa ana kakkaɓe musu ƙura. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin wannan rana, kafin shekarar 2024 ta ƙare sai da ta haura naira 1,000. To, bari mu shiga wasiƙun.

Ta farko daga wani malamin firamare take, wanda ke zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Sandamu, yana koyarwa a cikin garin Daura. Ya ce tsakanin gidansa da makaranta kilomita 12 ne. Da babur yake zuwa, amma yanzu ya ajiye shi ya ɗauko tsohon keken mahaifinsa. Abu biyu ke damunsa. Abokan aiki suna yi masa tsiya, wai ya koma gidan jiya, har yara sun fara yi masa dariya in ya shigo. Sannan gwiwarsa ta fara ciwo. Yana tambaya, shin ya ci bashi ya ci gaba da hawa babur don kare girmansa?

To, malam, mu fara da lissafi, tun da aikinka ne. Ka ce babur ɗin na shan kamar lita ɗaya a zuwa da dawowa. Mu ce kwana 22 kake zuwa aiki a wata. In lita tana naira 1,000, naira dubu 22 ke nan, ba a sa kuɗin baƙin mai ba, ba a sa na bakanike ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira dubu 70 ne. Ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na irin wannan albashi ya tafi a hayaƙi. Wanda ke yi maka dariya da safe, ran da geron gidanka ya ƙare ba za ka gan shi da ƙwarya a ƙofarka ba. Mu dai ra'ayinmu, kada ka ci bashin nan. Bashin taki ana biyansa da kaka, bashin fetur kuwa kafin ka iso gida an ƙone shi.

Maganar girma kuma, wanda ya san jiya ba zai raina keke ba. Tambayi dattawan garinku. A da, malamin makaranta, da malamin gona, da duba-gari, da ɗan aiken hakimi, duk a kan keke suke aikinsu, kuma in suka shigo gari tashi ake yi a gaishe su. Zamanin En'e har lasin ake yanka wa keke. Wanda ya mallaki Raleigh, wanda muke kira Rali, ƙirar birnin Notingam na Ingila, to, ya kai mutum, kuma saboda yawan cinikinsa a ƙasar nan har masana'antar haɗa shi aka kafa a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Babur bai fara kore keke a hannun ma'aikata ba sai da kuɗin Udoji na 1974 suka shigo aljihu. A ƙasar Holan kuwa, inda kekuna suka fi mutane yawa, tsohon Firayim Ministansu Mark Rutte a kan keke ya riƙa zuwa ofis, kuma ran da ya sauka daga mulki a 2024, kekensa ya hau ya tafi gida. Ka gaya wa ɗalibanka wannan, ka ga ko dariyar za ta ragu.

Ciwon gwiwa shi ne abin dubawa sosai. Galibi sirdi ne ya yi ƙasa da yawa. Mutanenmu na son su zauna a kan sirdi ƙafafunsu biyu suna taɓa ƙasa, alhali wannan shi ke karya gwiwa, don kullum a lanƙwashe take tana tura nauyi. Ga yadda za ka gwada. Ka jingina da bango, ka hau, ka sa diddigenka a kan feda, ka juya ta ta sauka can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai, sirdin ya yi daidai. In har da sauran lanƙwasa, sa sifana ka ɗaga shi. Idan za ka tuƙa kuma, da gaban tafin ƙafa ake taka feda. Keken mahaifinka ne, watakila ka fi shi tsawo, ka ga dole a gyara. In ka yi haka mako biyu ciwon bai sauka ba, ko ka ga kumburi, je asibiti a duba, kada ka tsaya shafa man zafi.

Kilomita 12 kuwa, mai tuƙi a natse zai ci ta cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Ka fita da wuri, musamman da bazara, don a watan Afrilu zafin Daura na wuce digiri 40. Ka tafi da gorar ruwa, ka ninke rigar aiki ka ɗaure a kariya, sai ka isa ka sa. Yawancin abin da ke sa a raina mai keke a ofis, zufa ce da ƙura a jikin riga.

Akwai wanda ya rubuto daga Baure bai so a faɗi ko unguwarsa, yana tambaya ko gaskiya ne yawan hawa keke na kawo basir, yana kuma rage wa namiji ƙarfi. Ɗan'uwa, keke ba ya haifar da basir, sai dai in akwai shi, sirdi mai tauri na iya tayar da shi. Abin da wasu ke ji na dindiris a gaba bayan doguwar tafiya, matsin sirdi ne, musamman in bakinsa ya ɗaga sama. Ka daidaita shi ya kwanta sosai, ka riƙa ɗan miƙewa a kan feda lokaci lokaci. Likitoci ma motsa jiki irin wannan suke ba masu hawan jini da ciwon suga shawarar yi.

Sai wani manomi daga yankin Zango. Ya ce gonarsa na da nisa da gari, kuma a mako ɗaya sai ya kai keke faci sau uku, har mai facin ya fara kiransa babban kwastoma. To, Baba, ƙasarku ƙasar rairayi ce da ƙaya. Tsidau ne babban abokin gabarka, ga ƙayar aduwa, ga ta bagaruwa da ake shinge da ita. Amma faci sau uku a mako, akwai dalili. Sau da yawa ƙayar da ta huda tiyub tana nan maƙale a cikin taya. A liƙe ramin, a mayar, a buga iska, ita kuma ta sake huda wani wuri. Kafin a mayar da tiyub, ka sa a zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har a ciro ta. Na biyu, samu tsohon tiyub ka tsaga shi, ka shimfiɗa tsakanin taya da sabon tiyub, ƙananan ƙayoyi ba za su kai ba. Na uku, duba ramin da kyau. In ka ga ramuka biyu kusa da juna kamar saran maciji, wannan ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne ya sa ƙarfen wili ya matse tiyub da ka faɗa rami. A cikin rairayi, rage iska kaɗan na sa taya ta daina nutsewa, amma in ka ɗauko kaya ko ka hau kwalta, to, a cika ta. Kuma Baba, famfo da sholisho da 'yan faci ba su da tsada kamar ranar aikin da za ka rasa kana turin keke daga gona. Ka koya da kanka, ko ka sa yaronka ya koya.

Tun da muna kan gyara, bari mu ƙara da maganar sarƙa. Mutane na malala mata baƙin man da aka juye daga mota, suna ganin gata suka yi mata. A ƙasa mai ƙura, wannan mai da yashi ke haɗuwa su zama kamar dutsen niƙa, su cinye sarƙa da haƙoran da take hawa. A wanke ta da kananzir, a ɗiga mai mai tsabta kaɗan, a goge na sama da tsumma.

Wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi ya ce duk ranar Lahadi yana kai kaya kasuwar Mai'aduwa, sauran ranaku kuma yana zaga ƙauyuka yana saye. Kukansa, sifokin baya na yawan tsinkewa. Alhaji, keke ba jaki ba ne, jakin ma akwai iyakarsa. Buhun gero mai tiya 40 a kan kariya, ga ka kai ma a sama, duk nauyin a kan wilin baya yake. Ka raba kayan biyu, ka rataya su dama da hagu su sauko ƙasa, kada ka tula su sama. In dole sai cikakken buhu, to, tura shi, ba abin kunya ba ne. Sifoki ɗaya in ya tsinke, a canza shi ranar, don sauran ne ke ɗaukar nauyinsa, su ma su bi shi, wili ya karkace. A kasuwa kuma ka sa kwaɗo, ka rubuta lambar da aka buga a jikin ƙarfen keken ka ajiye a gida tare da rasit. Keke ya yi daraja yanzu, ɓarayi ma sun sani.

Wasiƙar da ta fi tsaya mana a rai ta wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye a kan hanyar Daura zuwa Kwangwalam. Ta sa ɗanta ne ya rubuta mata. Maigidanta na da tebur a kasuwar Daura, ba ya tashi sai bayan magariba, ya kamo hanya cikin duhu, keken ba fitila. Ta ce duk dare sai ta ji ƙarar sarƙarsa a ƙofar gida hankalinta ke kwanciya. Tana so mu yi masa magana, don in ita ta faɗa sai ya ce shekara ashirin yana bin hanyar nan.

Uwargida, kin yi gaskiya, kuma muna fata maigidan na kusa da rediyo. Malam, hanyar da kake bi ita ce ke fita iyaka zuwa Damagaram, manyan motoci ba sa yankewa a kanta. Kai kana ganin fitilarsu tun daga nesa, sai ka ɗauka su ma suna ganinka. Ba sa ganinka. Direban da wata motar ta haske wa ido, mai keke da baƙar riga bai san da shi ba sai ya zo kansa, babbar mota mai kaya kuma ba ta tsayawa nan take. Da hunturu, in hazo ya sauko, abin ya fi haka muni. Shekara ashirin ɗin da kake faɗa, kai ne ka san hanyar, direban da ya taso daga wani gari bai san ka ba. Ministan sufuri ma bai tsira ba. A 2001, Cif Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya fito yana kira ga 'yan Nijeriya su koma hawa keke, shi kansa ya hau zuwa aiki a Abuja, wata motar bas ta ture shi ya faɗa lambatu. Allah ya sa da sauran kwana a lokacin. To, wannan da rana ne, kuma minista ne.

Abin da muke roƙonka ba shi da yawa. Fitila a gaba, ko da tocilan ce mai caji ka ɗaure da roba a kan keken. A baya kuma jan gilashin nan mai ƙyalli, ko ka sa masu liƙa wa motoci tef mai ƙyalli su manna maka a madigadi da kariya. Ka sa farar riga in za ka dawo. Ka bi hannun dama, ka tafi tare da motoci. Tun watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙin dama, amma har yau akwai masu keke da ke bin hagu wai don su ga abin da ke zuwa, su ne kuma ke yin karo da masu babur. In ka ji babbar mota a bayanka, wata kuma na tahowa ta gaba, sauka daga kwalta ka ba su hanya. Sannu ba ta hana zuwa. Da damina kuma ka tuna birki ba ya kama jiƙaƙƙen wili, sai ka fara matsa shi tun da nisa. In ka sa babbar riga, naɗe ta sosai kada ta shiga sarƙa. In ka goyo yaro, ka tabbata ƙafarsa ba za ta kai sifoki ba, don yara da yawa sun ji mummunan rauni a diddige ta haka.

Ba duka laifin masu keke ba ne, wannan ma sai mu faɗa. Ana gina hanyoyi ba a bar wa mai keke da mai amalanke ko taku biyu a gefe ba. Ga shi yanzu Daura na da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a 2019 zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari. Muna fata malaman da ke can, bayan jirgin ƙasa da manyan gadoji, za su waiwayi mutumin da ke taka feda daga Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa kullum safiya ya shigo birni neman abinci.

Uwargida, in kasuwa ta ci, ki ce ya sayo fitilar tun kafin ya sayo cefane. Ki sake sa yaron ya rubuto mana mu ji ko ya saya.

Akwai sauran wasiƙu biyu kan farashin taki da ajiyar wake, su za mu fara da su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.