Ciwon Dabbare-dabbaren Ganye a Gonar Kankana da Kabewa

Yau za mu yi magana a kan ciwon da yake kama kankana, kabewa, kokwamba, gurji, agushi da duma, wanda yakan sa mutum ya kashe kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa, ya tashi hannu biyu.

Ga yadda za mu gane shi. Sabon ganye yakan yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya ƙanƙance, ya yamutse. Yaɗo ya tsaya. 'Ya'yan su fito ƙanana da ƙuraje, dillali ya karya farashinsu. Kada mu ruɗa shi da yunwar taki: ita takan fara daga tsohon ganye, kuma rawayar takan rufe ganyen bai ɗaya.

Abin da ke kawo shi ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, wadda ido ba ya gani. Iri-iri ce. Ɗaya daga ciki, wadda aka sa wa sunan kokwamba, tana kama tsirrai fiye da iri 1,200, har da tumatir da barkono da ciyayi da yawa. Wata kuma masana sun fara bayyana ta a Italiya a 1981, yanzu ta bazu a duniya.

Darɓa ce take ɗaukar yawancinsu, ƙananan ƙwarin nan masu tsotso a ƙarƙashin ganye. Ta ɗanɗana shuka mai ciwo, ta tashi zuwa mai lafiya, cikin ƙasa da minti ɗaya ta shafa mata. Shi ya sa feshi kaɗai ba ya tsayar da cutar, domin kafin magani ya kashe ƙwaron, aikin gama ya gama. Kuma babu maganin da ke warkar da shukar da ta kamu. Duk wanda ya ce zai sayar mana da shi, kuɗinmu yake so.

To, me za mu yi?

1. Mu sayi iri daga wurin da muka amince, mu tambayi malamin gona irin da ke jure wa cutar. Kada mu ajiye iri daga shukar da ta yi ciwo.

2. Mako biyu ko uku kafin shuka, mu kewaye gonar da layukan masara ko dawa. Darɓa takan fara sauka a kansu, ta goge bakinta a can.

3. Mu cire ciyawa a cikin gona da bakin kwalbati.

4. A makonnin farko mu zaga gona sau biyu a mako. Shukar da ta nuna alama, mu tumɓuke ta, mu sa a buhu, mu binne. Mu wanke hannu da wuƙa da sabulu.

5. Kada mu yi sabuwar shuka kusa da tsohuwar gona. Da an gama tsinka, a share yaɗon.

6. In darɓa ta yi yawa, mu fesa ruwan 'ya'yan dogon yaro da yamma, don kada mu cuci zuma. Ita ce take sa kankana ta yi 'ya'ya.

Darɓa ba ta san iyakar gona ba. In maƙwabci ya bar tsohon yaɗo, ciwon zai tsallako mana. Don haka muna roƙon kowace ƙungiya ta zauna kafin noman ranin bana, a tsayar da lokacin shuka da ranar share gonaki tare.

Allah ya ba mu amfani mai albarka.