Ƙura, Ruwa da Sakaci: Yadda Za Mu Kula da Injin Gas na Motocinmu

(Jawabi ga direbobi, 'yan kwamitin mota da dattawan ikilisiyoyin karkara na yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun)

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta motocinmu akori-kura masu jan ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser, waɗanda ke shan gas, wato dizal. Wani zai ce ai wannan maganar direba ce da makanike. A'a, ta kowa ce. Motar nan ita ke kawo mana taki da iri, ita ke kai shinkafa da albasa kasuwa, ita ce kuma ke ɗaukar mace mai doguwar naƙuda da tsakar dare zuwa babban asibitin Talata Mafara, ko ma har Gusau. Ga kuma halin rashin tsaro da jiharmu ta daɗe a ciki. Mota ta mutu a tsakiyar daji da yamma ba ƙaramin haɗari ba ne ga waɗanda ke cikinta.

Abu ɗaya muke so ku koma gida da shi. Ba kasafai tsufa ke kashe injin gas ba. Ƙura ce ke kashe shi, da ruwa, da sakaci. Kuma kafin ya mutu sai ya yi gargaɗi, in akwai mai saurare.

1. Yadda injin yake aiki

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro wannan inji, ya kuma yi aiki sosai a shekarar 1897. Ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na injin fetur. Iska yake zuƙa, ya matse ta a cikin silinda har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai nozul ya fesa gas kamar raɓa, gas ɗin ya kama da kansa. Ke nan abu uku yake bukata: iska mai tsabta, gas mai tsabta, da matsi mai ƙarfi.

Motocinmu kashi biyu ne. Akwai masu tsohon inji, kamar 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0 na Hilux, da 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida na Land Cruiser. Waɗannan suna da haƙuri. Akwai kuma na baya-bayan nan, 2KD da 1KD, da kuma GD da ya fito a 2015, waɗanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansu, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau dubu. Ƙofofin nozul ɗinsu ƙanana ne ƙwarai. Dattin da tsohon inji zai haɗiye ya ci gaba da tafiya, sabon ba zai yafe shi ba. Kowane direba ya san irin injin da ke motarsa.

2. Ƙura

Daga hunturu har ƙarshen bazara, hanyoyinmu na burji ƙura ce zalla. Ƙurar da ta shiga inji kamar yashi take, tana cinye ringi da bangon silinda sannu a hankali har matsi ya ragu. Filtar iska ce kaɗai ke tsakanin ƙura da inji. A lokacin rani a buɗe ta a duba kowane mako. In za a hura ta, a hura daga ciki zuwa waje, a hankali. Kada a buga ta a jikin taya, kada a wanke ta takarda da ruwa ko fetur. A ɗaga ta a rana. In an ga haske ta wata 'yar ɓula, ta gama aiki. A kuma duba robar da ta taso daga filta zuwa inji, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada a taɓa tuƙa mota ba filta, ko da zuwa ƙauye na gaba ne.

3. Gas da ruwan da ke cikinsa

In da hali, a sha mai a gidan mai da aka sani. Mun san wani lokaci dole ce ke kai mu wurin 'yan bumburutu. To, a zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye na ɗan lokaci. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, ido zai gan shi. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir kuwa ba shi da santsin da famfon mai da nozul ke bukata, yana cinye su. Araha ba ta ado. Gas na cikin durom a bar shi ya kwana ya natsu, kuma kada a tsotso daga can ƙasa. A cika tanki da yamma, domin tankin da ya kwana rabi yana tara gumi a ciki, gumin nan kuma ruwa ne.

A ƙarƙashin filtar gas akwai wurin da ke tare ruwa, da ɗan makunni na zubar da shi. In fitilarsa ta kama a gaban direba, a tsaya a zubar nan take. Da damina a riƙa dubawa ko fitila ba ta kama ba. In kuma aka yi kuskure aka zuba fetur a tanki, kada a murza makulli sam. A tura motar gefe a juye tankin.

4. Baƙin mai da ruwan lagireto

A irin hanyoyinmu, a juye baƙin mai tare da filtarsa duk bayan kilomita 5,000, ko wata shida in motar ba ta cika tafiya ba. A sayi na injin gas, a rufe da hatiminsa. Ga wani dalili kuma. A shekarar 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa gas ɗin da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma yana ɗauke da farar wuta ninkin ba ninkin abin da doka ta yarda a Turai. An ƙara tsaurara doka daga baya, amma mai saye a jarka ba shi da abin aunawa. Farar wuta in ta ƙone tana tsamar da baƙin mai, shi ya sa jinkirin juye yake da illa.

A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a nan. A duba ruwan lagireto da safe, inji na sanyi. Kada a buɗe murfin yana tafasa, mutane sun ƙone fuska ta haka. Ruwan rafi da na rijiya suna barin laka da tsatsa, don haka a sa ruwan lagireto na kanti. A share ciyawa da ƙaiƙayi daga gaban lagireto, musamman da kaka. Wasu kanikawa kan cire tamostat, wai ƙasarmu da zafi. Kada ku yarda. In ta lalace a sa wata. In allurar zafi ta hau, a tsaya nan da nan. Tafiyar minti biyar cikin wannan hali tana iya ƙone gasket, ko ta tsaga kan injin.

Mota mai tabo-caja, wato injin da ke ƙara tura iska, in ta dawo daga doguwar tafiya ko jan kaya, a bar ta tana aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin a kashe.

5. Bel ɗin taimin

Wannan bel ba a ganinsa daga waje, shi ya sa ake mantawa da shi. A injin 3L da 5L ana canza shi a kilomita 100,000, a KD kuwa 150,000, ko yadda littafin motar ya ce. GD sarƙa gare shi. In fitilar T-BELT ta kama, kada a ce wa makanike ya kashe ta kawai. Ranar da bel ɗin ya tsinke, fistin zai daki bawul, kuɗin gyaran kuma zai ninka kuɗin bel sau da yawa.

6. Giyar ƙafa huɗu da ƙetare ruwa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, yawancin zirga-zirgarmu a bakin kanal ce da fadama, inda laka ke riƙe mota. A sa giyar ƙafa huɗu kafin a shiga taɓo ko rairayi, ba sai an kafe ba. H4 ta hanyar burji ce mai santsi, L4 ta taɓo mai nauyi ce da hawa, kuma sai an tsaya ake sa ta. Motar da ke da makulli a cibiyar tayoyin gaba, a tuna a murza shi. Da an hau kwalta, kamar titin Gusau zuwa Sakkwato, a koma H2, in ba haka ba ƙarafan giya za su ɗaure, taya kuma ta cinye. Ko da rani a riƙa sa giyar kamar kilomita 16 a wata a hanyar ƙasa, don mai ya zagaya.

Kafin a ƙetare rafi, mutum ya shiga da sanda ya auna. In ruwa ya shiga ta hanyar iska har inji ya mutu, kada a sake yin kik, domin ruwa ba ya matsuwa, ƙarfen fistin ne zai lanƙwashe. Bayan an ƙetare a taka birki kaɗan-kaɗan ya bushe. In an isa gida a duba man giya da na aksul. In ya koma kamar nono, ruwa ya shiga, a juye.

7. In mota ta kawo matsala

Ruwa ba ya tsami banza. A fara da abu mai sauƙi kafin mai tsada.

In an murza makulli ba ta juya ba, a duba kan batir, ko ya saki ko ya yi tsatsa.

In tana juyawa ba ta tashi ba, a duba ko akwai gas, ko iska ta shiga layin mai. A danna ɗan famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri. Kada a wuce daƙiƙa 15 ana kik, a huta tukuna.

In da sanyin hunturu ne kawai take wahalar tashi, a jira fitilar hita ta mutu kafin a yi kik. In abin ya ci gaba, a gwada hitocin.

Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi: iska ta yi kaɗan ko gas ya yi yawa. A fara da filtar iska, sannan nozul.

Shuɗin hayaƙi: inji na ƙona baƙin mai.

Farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwan lagireto kuma na raguwa: a zargi gasket.

Jar fitilar baƙin mai ta kama ana tafiya: a kashe inji nan take.

Ga sabbin injuna, kada a kwance bututun nozul inji na aiki, kada kuma a lalubi yoyo da hannu, domin matsin yana huda fata. A kai wa mai na'urar gwaji.

8. Aikin kwamiti da na jama'a

Abin da kowa ke cewa namu ne, shi ne kowa ke barin wa wani. Muna roƙon kowace ikilisiya mai mota ta yi abu huɗu. A ajiye littafi a cikin motar, a riƙa rubuta kilomita, da ranar juye, da abin da aka canza. A ware wani kaso na kuɗin kowace tafiya a asusun gyara, a hannun ma'aji, kada a taɓa shi don wata hidima. A tsaya ga direba ɗaya da makanike ɗaya, a kuma ce a dawo da tsohon kayan da aka cire. A riƙa tafiya da filtar gas, da fambel, da galan na ruwa, da baƙin mai.

Dattawa, in direba ya ce mota na bukatar hutun kwana ɗaya a gareji, ku saurare shi, ko da tafiyar ta babban mutum ce. Direbobi, minti goma na safe, ku duba mai, ruwa, taya, batir da ƙasan mota ko akwai ɗigo. Rigakafi ya fi magani. Kafin ruwan farko ya sauka, kowane kwamiti ya buɗe littafinsa ya ga abin da ya rage.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.