Hanyar da ke narkewa duk shekara



Yau zan kai ku lardin Kebek na ƙasar Kanada, mu duba wata hanya mai tsawon kilomita kusan 33,000 wadda ba ta taɓa ganin kwalta ba, kuma duk shekara sai ta narke a sake yin ta. Hanyar babur ɗin ƙanƙara ce, abin hawan nan mai sarƙar roba a baya da ƙafafun sulɓi biyu a gaba, wanda ke gudu a kan dusar ƙanƙara.

Asalin babur ɗin ba wasa ba ne. A hunturun 1934, a ƙauyen Valcourt, ɗan wani bakanike mai suna Joseph-Armand Bombardier ya rasu yana ɗan shekara biyu, saboda ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Uban ya duƙufa, a 1937 ya fito da mota mai ɗaukar mutum bakwai a kan ƙanƙara, a 1959 kuma ya fitar da ƙaramin babur mai suna Ski-Doo. Da abin ya yaɗu, mahaya suka riƙa kutsawa gonaki da dazuzzuka yadda suka ga dama. Daga nan kulob-kulob suka taso a garuruwa don shata hanya, a 1974 suka haɗu a tarayya guda. Yau sun kai wajen 200, kuma dubban masu aikin sa kai ne ke riƙe da su.

Bari mu matsa kusa mu ga aikin. Idan babura suka wuni suna bin hanya, takan yi tudu da kwari kamar kunyar gona, har bayan mahayi ya gaya masa. Da dare sai mutum guda ya hau wata ƙatuwar tarakta mai sarƙa, tana jan dogon ƙarfe mai wuƙaƙe. Wuƙaƙen su yanke tudun, su juya ƙanƙarar, faranti mai nauyi a baya ya danne ta. Da dare ake yi domin sanyin asuba ya daskarar da ita kafin mahaya su fito. Taraktar ba ta sauri, don haka mutumin zai kwana shi kaɗai a daji, daga shi sai fitila da ƙarar inji. Kafin wannan, tun da kaka, wasu sun sare itatuwan da iska ta kayar, sun gyara gadojin katako a kan rafuka, sun kafa alamomi a kowace kwana.

To, wa ke biya? Galibi mahayin ne. A Kebek dole ya sayi takardar izinin shiga hanya, wadda ta shekara ta haura dalar Kanada 400, kuma akwai inshora a cikinta. Ana yi wa wanda ya saya da wuri rangwame, don kulob ya samu kuɗin mai da gyara kafin aiki ya kankama. Gwamnati ma tana tallafawa. A Amurka, tun 1991 akwai dokar da ke mayar da wani kaso na harajin man da irin waɗannan ababen hawa ke sha zuwa gyaran hanyoyinsu. Kuɗin kuwa suna da wurin zuwa, don tarakta guda takan ci dala dubu ɗaruruwa.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne wurin manomi. Babban ɓangare na hanyar nan ta gonakin mutane ta ratsa, kuma mai gona aro ya bayar, yana iya karɓe abinsa. Wanda ke zuwa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya nemi izini maƙwabcinsa ne, ɗan kulob, wanda suka san juna tun yarinta. Idan wani mahayi marar kunya ya bar hanya ya tattake gonar da aka shuka tun kaka, ko ya bar ƙofar shinge a buɗe, wannan maƙwabcin ne zai koma ya ba da haƙuri. In manomin ya ce a'a, gona guda ta isa ta yanke hanya tsakanin gari da gari. Manoman sun san ƙarfinsu. Ba sau ɗaya ba ƙungiyarsu ta yi barazanar rufe hanyoyin lokacin da take jayayya da gwamnati kan harajin gona, masu otal da gidajen abinci da gidajen mai suka shiga zullumi. Duk wanda ya san yadda burtali ke rayuwa ko ya mutu a ƙasarmu zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa a miƙa aikin ga ɗan kwangila a huta. Ɗan kwangila zai ja tarakta, amma ba shi da fuskar da manomi zai ji nauyinta. A ganina gwamnati ta ɗauki nauyin inji da gadoji, tunda tana cin harajin baƙin da hanyar ke kawowa, ta bar hanyar a hannun mutanen gari.

Abin da ke damuna biyu ne. Masu aikin suna tsufa, matasa kuma da yawa sun fi son su biya kuɗi su hau. Sannan ga yanayi. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da Kanada ta taɓa aunawa, hanyoyi da dama 'yan makonni kawai suka yi a buɗe. Wanda ya sayi izini bai mori kuɗinsa ba, zai yi jinkirin saye baɗi, alhali bashin tarakta da kuɗin inshora suna nan suna jiran kulob, ko ƙanƙara ta sauka ko ba ta sauka ba.