Ɗan Shekara Nawa Ne?

Batunmu na yau ɗaya ne: shekarun yaran da ke buga mana ƙwallo.

A shirya gasar 'yan ƙasa da shekara 15, a Tirwun ko wata unguwa. Sai ka ga ƙato ya shigo fili, ya aske gemu da safe, an ce yaro ne. Yaron gaskiya kuma yana zaune a benci. Idan ya shiga ma, karo ɗaya ya ishe shi jinya.

Wannan maguɗi ya taɓa jawo mana kunya. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasanmu sun saɓa da na takardunsu na baya. A 2009 kuwa, gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta zo har filin Abubakar Tafawa Balewa, nan Bauchi. A gasar ne FIFA ta shigo da ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, domin ƙashin yaro bai gama haɗewa ba.

To, gasar unguwa ba ta da na'urar ɗaukar wannan hoto. Amma tana da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Tana da rajistar firamare. Tana da mai unguwa, wanda ya ci sunan yaron.

Masu shirya gasa, ku tantance shekarun yara kafin a busa usur ɗin farko. Kafin a fara, ba bayan an ɗaga kofi ana rigima ba. Koci kuma, idan an kama, shi za a fara kora.